Titaniyom da aka gasa da wanda aka rina da lantarki

Ɗan'uwa, ka ce bayan babur ya kaɗe Baba a wajen Ƙofar Ƙaura, likita ya nuna maka kusoshin titaniyom da za a ɗaure ƙashin cinyarsa da su, wasu shuɗaye, wasu ruwan zinare. Shi ne kake tambaya ko su ne waɗanda ake gasawa don su yi ƙwari. Allah ya ba Baba lafiya. Galibi ba su ba ne, waɗannan da lantarki ake rina su. Mu da muke kiran ta murhu da ta lantarki duk "wuta", dole abin ya rikice mana.

Shi titaniyom, da ya sha iska sai ya yi wa kansa wata fata siririya wadda kaurinta bai kai nanomita 10 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). Ita ke hana shi tsatsa a cikin jiki, ita kuma ƙashi ke kamawa. Lagonsa guga. Ko nau'in Ti-6Al-4V da aka fi amfani da shi, mai alminiyom kashi 6 da banadiyom kashi 4 cikin ɗari, in ya riƙa gogar wani ƙarfe sai fatar ta salluɓe, ya yi ta zubar da gari har naman da ke kewaye ya yi baƙi.

A rinin lantarki, ana tsoma titaniyom ɗin ne cikin ruwan sinadari a sakar masa wutar lantarki, fatar ta ɗan ƙara kauri. Launin ba fenti ba ne, wasan haske ne a kan fatar, irin shuɗin nan da bakin salansar babur ke yi kusa da inji. Kamfanoni na yin haka don ma'aikaciyar tiyata ta gane girman kusa da kallo ɗaya. Aikin 'yan mintoci ne, kuma ƙarfen da ke ƙarƙashi yana nan yadda yake.

Gashi kuwa a tanderu ake yi, a wajen digiri 600 zuwa 700, tsawon awoyi. Fatar takan yi kauri har a auna ta da maikromita, wato nanomita dubu, ta koma wani dutse-dutse mai tauri da ake kira rutayil. Abin da ya fi burge ni ma a ƙarƙashinta yake: oksijin na nutsawa cikin ƙarfen kansa ya taurara shi, sai fatar ta samu daɓen da za ta zauna a kai. A gwajin guga da na ruwan gishiri mai kama da na jiki, wanda aka gasa yakan fi ɗanyen jurewa nesa ba kusa ba.

Amma wanda ya taɓa kankare ƙanzo a gindin tukunya ya san ƙarshen wutar da ta yi yawa. In aka haura digiri 800 aka daɗe, fatar sai ta yi ɓawo ta fara ɓamɓarewa. Ko gashin ya yi daidai, saman mai tauri ba ya son lanƙwasa, kuma daga nan tsaga ke farawa. Ƙarfen da ke cinya kuwa kowane taku sai ya ɗan lanƙwasa. Shi ya sa gashi ya fi dacewa da inda ake guga, kamar gaɓa, kuma a titaniyom har yanzu ya fi yawa a ɗakunan bincike. Kan ƙashin ƙugun da ake dasa wa mutane galibi na gaurayen ƙarafan kobal da kurom ne ko tangaran.

Don haka launin kusoshin kada ya ɗauke maka hankali. Ka roƙi a rubuta muku sunan kamfanin da lambar ƙarfen a katin Baba, sannan ka tsare shi kada ya taka ƙafar kafin likita ya ba da izini, ko da ya rantse maka ya ji sauƙi.