Kwale-kwalen Kogin McKenzie: Na Katako Ko Na Alminiyam?

A jihar Oregon ta Amurka, masu kamun kifi a kogin McKenzie suna da wani kwale-kwale mai faffaɗan gindi, gaba da baya sun lanƙwashe sama. Wannan lanƙwasa ce ke sa ya juya nan take a ruwa mai gudu. Matuƙi yana fuskantar inda ruwan ya nufa, yana jan filafilai biyu baya don rage gudu, mai ƙugiya kuma na tsaye a gaba. Maƙera irin su Woodie Hindman da Tom Kaarhus ne suka fito da shi tun wajajen 1940, da katako.

Yanzu na alminiyam ya cika kogunan, kuma ba laifinsa. Yana jure dukan duwatsu, ana iya barinsa a waje shekara guda ko a jikinsa. Sai dai yana da ƙara. Abu kaɗan ya faɗi a ciki, kifi ya watse. Da sanyi ƙarfen kamar ƙanƙara yake a ƙafa, kuma gindinsa kan maƙale a dutse idan ba a shafa masa abin da zai sa ya yi santsi ba.

Na katako fa? Shiru yake tafiya, yana da ɗumi, ga kyan gani. Amma yana cin wahala: goge shi, shafa mai, sabunta fenti, a nema masa rumfa, a riƙa duba haɗin katakon kada ruwa ya zauna ya ruɓar da shi. Idan ya tsage, mai shi na iya gyarawa a gida. Alminiyam kuwa sai mai walda.

Ni dai na katako zan zaɓa, musamman ga wanda hannunsa ya saba da aikin kafinta.