Balangun bayan Wunti da yajin da ya sa ni hawaye

Jiya bayan isha'i abokina ya ja ni wajen wani mai balangu can bayan kasuwar Wunti ta Bauchi, wai yajinsa sai wanda ya gwada. Na sayi na dubu 2, naman rago ne ya yi laushi luguf, ba irin wanda za ka yi ta ja da haƙori kamar roba ba, kitsen ma daidai. Amma yajin nan fa, a yanka na uku hawaye da majina suka ɓalle, mai naman na dariya wai "Malam ko a karkaɗe maka ne?" na ce a'a bar shi haka.

Ina share hawaye ina tuna karatunmu na fiziyoloji, yadda ake raba masu karɓar saƙo na jiki bisa abin da ke tayar da su, akwai na taɓawa da matsi a fata da cikin kunne, na zafi da sanyi, na haske a ido, na sinadari a harshe da hanci, sai kuma na ciwo. To zafin barkono ba ɗanɗano ba ne sam, sinadarin kafsaisin da ke cikin barkono ne ke kama wani mai karɓar saƙo da ake kira TRPV1 wanda aikinsa jin zafin da ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Celsius, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka bakinka ya ƙone alhali ba abin da ya ƙone. Da sinadarin barkonon nan masanin kimiyya David Julius ya gano TRPV1 ɗin, har ya samu Nobel a 2021 shi da Ardem Patapoutian. Haka Tom Tom ke yi, mantol ɗin ciki ke yaudarar na sanyi.

Inda mai naman nan ya burge ni shi ne duk da raɗaɗin kana jin ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari kowanne daban, da ƙanshin hayaƙin a hanci. Wasu masu nama barkono zalla suke gumbuɗawa don su ɓoye naman kwana, shi kam ba haka ba.

Matsalarsa fiya wata kawai yake sayarwa, kuma kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, na shanye leda 2 a banza sai da na tsallaka titi na sayo yogot kafin bakin ya lafa. Benci ma ɗaya ne tal, kuma ta nan hayaƙin ke bi. Ranar Asabar zan koma amma da kindirmona a leda.