Tan biyu na Amurka da tan biyu namu: injin zai ɗauki kilo 2,000?

Wani ɗan'uwa mai walda a unguwar Zariya, nan Maradi, ya kawo tambaya. Ya sayi injin ɗaga kaya mai sarƙa, na hannu, ɗan Amurka. An buga masa 2 TON a jiki, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an sa 4,000 LB. Janareto yake so ya ɗaga da shi mai kilo 2,000. Ya rataya ko kuwa?

Malam, kada ka rataya. Ƙananan baƙaƙen nan su ne suka faɗi gaskiya. LB laba ce, kuma laba ɗaya kilo 0.45359237 ce cif, haka Amurka da Ingila da Kanada da wasu ƙasashe uku suka yarda a 1959. Laba 4,000 ke nan kilo 1,814. Janaretonka ya zarce ƙarfin injin da kilo 186. Da buhun siminti mai kilo 50 za a auna, injin na buhu 36 ne, kai kuma 40 kake shirin ɗora masa.

Abin da ya kawo ruɗanin shi ne tan uku ne a duniya, kowanne da ƙasarsa. Namu, wanda muka gada daga Faransa, kilo 1,000 ne, wato laba 2,204.6. Na Amurka laba 2,000 ne, kilo 907. Tsohon na Ingila laba 2,240 ne, kilo 1,016. To ka ga na Ingila ya ɗara namu da kilo 16 kacal, shi ya sa ba ya cutar da kowa sosai, in ma an yi kuskure ragi ne aka yi wa injin. Na Amurka shi ne mugun, don ya gaza namu da kilo 93 a kowane tan, kuma a jikin ƙarfe sau da yawa TON kawai ake rubuta su, babu mai ce maka ga ɗan wace ƙasa.

In aka jera tsarin biyu, na kilo goma-goma yake tafiya: giram 1,000 kilo ne, kilo 1,000 tan ne, sai ka matsar da ɗigo kawai. Na laba kuwa kowane mataki da lambarsa. Oza 16 ce laba. Ingila na da wani awo mai laba 14 da suke auna nauyin mutum da shi, da wani mai laba 112, wanda a Amurka laba 100 ne. Ni dai ban ga inda tsarin laba ya fi na kilo ba, amma ƙarafunansu na shigo mana, dole mu iya karanta su.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan kwantena ya ga tsarin biyu kafaɗa da kafaɗa. A ƙofar da yawa daga cikinsu an rubuta iyakar nauyi sau biyu: 30,480 KG a sama, 67,200 LB a ƙasa. Raba 67,200 da 2,240, za ka samu 30 daidai ba ragowa. Tan 30 na Ingila ne aka mayar kilo, abin da ya sa lambar ta zo da wutsiyar 480 ke nan. Haka ma tayar ƙaramar mota: share ƙurar gefenta, kusa da bakin gare, za ka iske irin su 615 kg da 1356 lbs manne da juna. Kaya ɗaya ne aka faɗa sau biyu.

Ga lissafin ka, na tsaye a gareji ba waya a hannu. Daga laba zuwa kilo: raba biyu, ka cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ya fito. Rabin 4,000 shi ne 2,000, cire 200, saura 1,800. Ya ɗan gaza ainihin 1,814, kuma wajen ƙarfin inji gazawar alheri ce. Daga kilo zuwa laba: ninka biyu, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma. Kilo 2,000 ya zama 4,400, ainihinsa 4,409. Nan kam lissafin ya rage wa kayan nauyi ne, sai ka ɗan ƙara a kai. Wanda ya ninka biyu ya tsaya ya zubar da kashi ɗaya cikin goma. Wanda ya ɗauki laba a matsayin kilo kuwa kuskurensa ya fi haka muni: a watan Yulin 1983 wani jirgin Boeing 767 na Air Canada da ke bukatar mai kilo 22,300 ya tashi da laba 22,300, bai kai rabi ba. Mai ya ƙare a sama, sai da matuƙan suka sauko da shi ba inji a tsohon filin jirgin soja na Gimli, a Kanada.

Akwai wani tarko a takardun injiniyoyi. A tsarinmu kilo na auna yawan abu, niyuton na auna ƙarfin ja ko turi. A nasu laba na yin aikin biyu, sai su ƙara harafi: lbf ƙarfi ce, niyuton 4.448. In ka ga kN, wato niyuton 1,000, a jikin igiya ko ƙugiya, kowane ɗaya kamar jan kaya ne mai kilo 102, wajen lbf 225.

Masu bin farashin zinariya, tun da ta fito a yankin Ɗan Issa, su ma su lura: ozar kanti giram 28.35 ce, ozar da ake faɗin farashin zinariya da ita giram 31.10. Wanda ya raba farashin da 28.35 zai ga giram ya fi kuɗinsa na gaskiya.

Kai kuma Malam, kilo 2,000 ɗin nan wataƙila na janareto ne busasshe, ba gas a tanki, ba mai, ba ruwa a lagireto, sannan ga nauyin igiyoyi da ƙugiya. Nemi inji mai 3 TON. Ko na Amurka ne, laba 6,000 ke nan, kilo 2,721. Ka kuma duba ƙarfen da za ka rataye injin a kansa, don shi ma da nasa iyakar.