Rigar Baba da mai aska takwas na Kwarbai

Tun da aka sa ranar bikin ƙanwata na ƙudurta cewa Baba ba zai sa ɗinkin kwamfuta ba a wajen ɗaurin aure. Na yanko farar shadda yadi 10 a Kantin Kwari, wani abokin aikina Bazazzagi kuma ya kwatanta mini wani zaure a birnin Zariya: in shiga ta Ƙofar Doka, in nufi Kwarbai, in tambayi mai aska takwas. Ko suna babu a ƙofar. Tabarma ce da buzu, sai wani dattijo mai tabarau da riga a kan gwiwa.

Na ciro waya zan nuna masa hoton irin wadda nake so, ya ce, "Ɗana, mayar aljihu. Mahaifin naka dogo ne ko gajere?"

Da telansa ya yanka ya haɗa, na koma na tarar zai fara zane, sai na nemi wuri na zauna. Da alƙalamin kara da tawada ya fitar da asaken ɗaya bayan ɗaya a gefen hagu, wajen aljihu, sannan ya zagayo da tambari a dama da kuma baya. Babu takardar kwafi, hannun kuma ko rawa bai yi ba. Na ce, "Baba, a ina aka samo wannan hannu?" Ya ce a makarantar allo. Mahaifinsa malami ne, shi ke yi wa masu sauka zayyana, shi ke kuma zana wa maɗinkan unguwa riguna, kamar yadda malaman birnin suka saba tun da. Yana ɗan shekara 7 aka zaunar da shi a wannan zauren: da asuba karatu, da hantsi allura. Shekara 2 ya yi aikinsa zura zare kawai. Da aka fara ba shi ciko, idan ɗinki ɗaya ya karkace, mahaifin ba ya duka, ba ya faɗa. Sai dai ya warware aikin yinin gaba ɗaya ya miƙa masa. Ya ce har yau in ya ga karkatacce, hannunsa ke warwarewa kafin ya yi shawara da zuciyarsa.

Wannan tarbiyya ce ta jawo abin da ya ɓata mini rai. Wata 2 muka yi da shi, sai da rigar ta haura wata 3. Waya kuwa tana cikin gida a kashe, sau biyu ina tasowa daga Kaduna don kawai in ji inda aka kwana. A zuwa na biyu na tarar ya warware rabin aljihun, saboda cikon da aka yi a cikin gida (matan Zariya da yawa suna wannan aiki yanzu) bai kwanta masa ba. Raina ya ɓaci sosai, don saura kwana 12 biki. Kuɗin ma ya kusa ninka na keke sau uku, kuma ba ya ragi.

Saura kwana 4 na karɓo ta daga wajen masu bugu. Na juya cikinta, ban ga zare ko ɗaya yana reto ba. Linzamin ya zauna daram a wuya. An wanke ta sau biyu tun daga lokacin, aikin bai tattare ba. Baba ya daɗe yana shafa tambarin da yatsa, sannan ya ce rabonsa da ganin irinta tun rigar kakanmu.

Wanda zai kai, ya kai da saura wata 4, kuma ya kauce wa azumi, lokacin rigunan sallah sun cika zauren. Ni dai na riga na kai tawa shaddar. Ranar na tarar da jikansa a gefen buzu yana zura masa zare.