Queen's Garden ko Navajo Loop, wanne za ku bi da Hajiya?

Anti na ga tambayarki tun jiya, kin ce za ku je Bryce Canyon, wajen yawon buɗe ido mai kwazazzabo a jihar Utah ta Amurka, ke da Hajiya da yara biyu, safiya ɗaya kawai gare ku, tsakanin Queen's Garden da Navajo Loop, hanyoyin da ake bi a ƙafa a wajen, wanne ya fi. Toh ni na bi duka biyun, kuma in dai da Hajiya ne Queen's Garden zan ce, ba ko shakka.

Abin da mutane ba sa lissafawa da wajen nan shi ne ba hawa ake fara yi ba, sauka ake yi. Kina ajiye mota kina saman bakin kwazazzabon, sai ki gangara ciki kina ta ɗaukar hoto ƙafa na tafiya da kanta, bashin kuma sai a dawowa za ki biya shi. Ga shi bakin wajen ya kai mita 2,400 daga saman teku, wato kusan ninki biyu na Jos, iskar babu kauri, ni da nake ganin ina da ƙarfi wallahi sau huɗu ina tsayawa ina haki kamar wanda aka koro.

Navajo daga Sunset Point yake farawa, wani wajen tsayawa kallo a saman bakin kwazazzabon, mil 1.3 ne zagayen gaba ɗaya, shi ya sa a takarda yake kama da mai sauƙi. Yaudara ce. Saukar ta fi mita 150 kuma a ɗan gajeren waje, hanyar a lanƙwashe take tana kai da komo kamar maciji. Amma fa kyau kam ya fi, gaskiya ɗaya ce. Ɓangaren da suke kira Wall Street wani matsattsen lungu ne tsakanin jajayen duwatsu, kina shiga sanyi zai buge ki, ga wasu dogayen itatuwa a can ƙasa sun miƙe suna neman rana, sai kin ɗaga kai har ɗankwali ya zame kafin ki ga ƙarshensu. Sai dai da hunturu rufe Wall Street suke yi saboda ƙanƙara da faɗowar duwatsu, lokacin sai ɓangaren Two Bridges, inda Thor's Hammer yake, wani dogon dutse mai kama da guduma.

Queen's Garden daga Sunrise Point ne, shi ma wajen tsayawa kallo ne a sama, mil 1.8 zuwa da dawowa. Ya fi tsawo amma gangaren a hankali yake, su kansu masu kula da wajen shi suke cewa ya fi sauƙin shiga ciki. Akwai 'yan ƙofofi da aka fafe a jikin dutse ana bi ta ciki, yara za su so wannan, a ƙarshe kuma akwai dutsen da aka ce yana kama da Sarauniya Biktoriya. Ni dai na ƙura ido na karkata kai, ban ga sarauniya ba, tukunya na gani a kan murhu. Babban amfaninsa shi ne duk inda Hajiya ta ce gwiwa ta fara magana sai ku juya, ba a yi asarar komai ba don tun daga farko duwatsun nan masu kama da hasumiya suna kewaye da ku. Inuwa ce dai babu sosai.

Da ke kaɗai ce da yaran da na ce ku haɗa su, mil 2.9, ku sauka ta Queen's Garden ku fito ta Navajo. In ma haka kike so, a bar Hajiya a sama, tsakanin Sunrise da Sunset rabin mil ne shimfiɗaɗɗe an yi masa daɓe, da bencina, tana zaune tana jan carbi za ta hango ku kuna fitowa.

Dan Allah kar a sa silifas, ƙasar tsakuwa ce mai santsi, a sa kambas mai riƙe ƙasa. Ruwa kowa da gorarsa don babu famfo a ciki. Rigar sanyi ko da bazara ce, safiyar can da sanyi. In Yuli ko Agusta za ku je ku fito daga kwazazzabon kafin azahar, hadari da tsawa da rana suke tasowa. Wane wata ne ma tafiyar taku?