Filin yaƙin Vicksburg da jirgin da Ed Bearss ya tono

Duk wanda tafiya ta kai shi jihar Misisipi a kudancin Amurka, kuma yake da sha'awar tarihin yaƙe-yaƙe, ina ba shi shawarar ya ware yini guda cur domin filin yaƙin Vicksburg, wanda gwamnatin tarayya ta keɓe tun shekarar 1899. A nan ne rundunar gwamnatin tarayya ƙarƙashin Janar Grant ta yi wa birnin ƙawanya har kwana 47 a lokacin yaƙin basasar ƙasar, kafin Janar Pemberton na 'yan awaren Kudu ya miƙa wuya ranar 4 ga Yuli, 1863.

Abin da ya kai ni wurin shi ne sunan marigayi Ed Bearss, masanin tarihin soja da ya rasu a watan Satumba na 2020 yana da shekara 97. Tsohon sojan kundumbala ne na ruwa wanda harsasan Japanawa suka raunata a tsibirin New Britain a farkon 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya kama aiki a Vicksburg a 1955, ya kuma zama babban masanin tarihi na hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa daga 1981 zuwa 1994. Ya shafe rayuwarsa yana fafutukar hana a mayar da filayen daga kantuna da rukunin gidaje, domin a ganinsa ba a fahimtar yaƙi sai an taka ƙasar da aka gwabza a kanta.

Hanyar zagayen mil 16 ce, ana bin ta a mota, ana tsayawa a wuraren da aka yi wa lamba. Shawarata ita ce a riƙa fitowa daga mota, domin sai mutum ya tsaya a bakin ramukan da sojoji suka haƙa, ya leƙa kwazazzaban da ke tsakanin rundunonin biyu, sannan zai gane dalilin da ya sa hare-haren da sojojin Grant suka kai ranakun 19 da 22 ga Mayu suka ci tura. Gine-ginen tunawa sun haura 1,300, kuma da yawansu sun yi kama da juna, amma na jihar Illinois mai matakala 47, ɗaya ga kowace ranar ƙawanya, ya cancanci hawa. Haka ma wanda aka gina wa baƙaƙen fata da suka yi yaƙin.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin jirgin ruwan yaƙin gwamnatin tarayya mai sulken ƙarfe, mai suna Cairo, wanda nakiya ta nutsar a kogin Yazoo ranar 12 ga Disamba, 1862, cikin minti 12 ba tare da an rasa rai ko ɗaya ba. Bearss da abokansa biyu ne suka gano shi a 1956, suna cikin ƙaramin kwale-kwale, da tsofaffin taswirori da na'urar nuna gabas da yamma ta aljihu. Da aka zo ɗago shi a 1964 igiyoyin ƙarfe sun yayyanka katakonsa, sai da aka fito da shi kashi uku, kuma har yau ana ganin tabon wannan ɓarna. Yanzu yana ƙarƙashin wata babbar rumfa, ana shiga cikinsa a ga igwoyi da tukwanen tururi. Ɗan ƙaramin gidan tarihin da ke gefensa ya fi taɓa mini zuciya, saboda cokula, kwalabe, takalma da kayan aski na matuƙan da laka ta adana shekara ɗari.

Abubuwa biyu na iya rikita baƙo. Daji ya rufe wurare da dama da suke fili fetal a 1863, kogin Misisipi kuma ya sauya hanya a 1876, saboda haka ruwan da ake hangowa daga tudu ba ya kwance yadda masu igwa suka gan shi. Wannan ne ya sa nake ganin ɗaukar ɗan jagora mai lasisi ya fi dogaro da allunan bayani kaɗai. A kuma tafi da sassafe da ruwan sha, domin zafin bazara a can mai gumi ne, a bar maƙabartar sojoji 17,000 da ke kusa da jirgin zuwa la'asar.