Dawrar AI ta yara a Jidda: abla ta farko ta burge ni, sauran kuwa sai a hankali

Masu ta tambayata a WhatsApp ko dawrar nan (wato kwas) ta AI, ƙirƙirarriyar basira, da na sa 'yata ta yi, ga amsa nan gaba ɗaya in huta da maimaitawa. Ba sai na kama sunan markaz ɗin ba, wato cibiyar da ke koyarwar, duk wanda ya ga tallar nan mai hoton mutum-mutumi yana miƙa wa yaro hannu ya san inda nake nufi, kuɗin ma kun san shi, ba kaɗan ba ne wallahi ga mai yara a gaba.

Ni dai abin da ya ja ni, tunda ma'aikatar ilimi da SDAIA, hukumar bayanai da AI ta Saudiyya, suka shigar da darasin ƙirƙirarriyar basira makarantu daga shekarar karatu ta 2025-2026, tun daga ibtida'i (firamare) har sanawi (sakandare), na ce kar yarinya ta shiga aji huɗu ana magana tana zare ido. Ga hutun zafi, ba abin da suke yi sai kwanciya ƙarƙashin mukayyif (AC) da jawwal (waya) a hannu.

Abla ɗin, wato malamar, da suka fara da ita kam Allah ya saka mata da alheri. Wata Alhamis bayan magariba yarinyar nan ta jawo laftof ɗin Abbansu ta buɗe wani shafin Google, Teachable Machine, inda ake koya wa kwamfuta gane abu ta hanyar nuna mata hotuna, ta ce Umma ba ni dabino da lemun tsami. Ta riƙa juya dabinon gaban kyamara tana danne maɓalli hotuna na ta taruwa, ta yi wa lemun haka, sannan ta ce kowa ya yi shiru yana koyo (shirun nata ne kawai, ba ruwan kwamfuta). Kafin in juya ya gama. Ta ɗaga dabino layin dabino ya cika, ta ɗaga lemu na lemu ya cika.

Hajiya surukata tana gefe kan darduma tana kallon ikon Allah, sai ta kwance bakin mayafi ta ciro ɓarin goro ta ce to gwada masa wannan in ya isa. Kwamfuta ta ce dabino ne, ko kunya babu, layi ya kusa kaiwa ƙarshe. Hajiya ta dinga dariya har da tafa hannu, wai ashe dolo ne, ko ɗan yaye a gidan Bahaushe ya san goro. Na zaci yarinya za ta ɓata rai, ina, cewa ta yi "Hajiya ai ba a taɓa nuna masa goro ba, abu biyu kawai ya sani, duk abin da kika kawo dole ya jefa shi ɗaya a ciki, ya ga launin ya fi kama da dabino ne." Ta ƙara gurbi na uku, ta sa Hajiya ta riƙe goron ta ɗauki hotuna, ya gane goro. To nan ne abin ya ƙara daɗi, Hajiya ta jefa goron a baki ta ɗaga hannu ba komai tana nuna mana, kwamfuta ta ce goro! Yarinya ta yi tsit tana kallon allon can ta ce "lallenki ya haddace Hajiya, duk hotunan goron a hannunki suke." Ta goge ta sake ɗauka, a faranti, a hannuna, a hannun ƙaninta, abu ya daidaita. 'Yar shekara tara fa. Manya nawa ne a guruf ɗinmu ke turo bidiyon bogi suna rantsuwa, su a wurinsu na'ura ba ta kuskure. Daren nan da an ce in ba su tauraro goma zan bayar.

Amma fa yanzu da nake rubutun nan raina sake ɓaci yake. Ana tsakiyar dawra abla ta daina zuwa, ba wanda ya sanar da mu, a bakin yara muka ji. Suka kawo wani ustaz, aikinsa ya kunna musu bidiyon YouTube ya raba tablet su yi ta yi wa ChatGPT tambaya, yara 'yan takwas da tara, alhali kamfanin da kansa ya ce sai daga shekara 13. Yarinyar da ke yi mana bayanin dalilin kuskuren na'ura ta koma ko me ka tambaye ta sai ta ce a tambaye shi mana Umma. Na je na yi magana, wanda ke kan tebur ya ce in sha Allah mudir, shugaban wurin, zai kira ni, har yau ina jira.

Mutum-mutumin tallar kuwa guda ɗaya ne tal, yana cikin durowar gilashi, kullum wai batir, ranar rufewa aka fito da shi aka jera yara aka yi hoto, khalas. Scratch, shafin koya wa yara tsara manhaja, da suka cike sauran lokacin da shi kyauta ne, na jami'ar MIT ta Amurka, har da Larabci a ciki, Teachable Machine ma kyauta ne ko rajista ba ya buƙata. Abbansu da tun farko bai so ba ya samu abin faɗa, wai kuɗin mukayyif ɗin markaz kawai muka biya, ni kuma ba bakin musu.

Duk mai son kai ɗansa ya fara tambaya wa zai koyar kuma zai kai ƙarshe ko a'a, in ba abla ɗin nan ba ce ku riƙe riyal ɗinku. Na roƙi lambarta sun hana. Sannan wai shahada, takardar shaidar gama dawra, ma sai an ƙara kuɗi, bayan ba a faɗa mana haka ranar rajista ba, na ce su riƙe abarsu, tana can wurinsu.